Sutura a Shirin Talabijin Mai Dogon Zango: Nazari kan Tsari, Kuɗi da Bibiya

Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, sana'ar fim ɗin Hausa ta ginu ne a kan aikin da ake ɗauka cikin 'yan kwanaki a watse. A irin wannan aiki sutura ba ta cika zama matsala ba: sau da yawa ɗan wasa ne ke zuwa da kayansa a jaka, darakta ya duba ya zaɓa. Buɗe tashar Arewa24 a 2014, da fitowar shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa, Kwana Casa'in da Labarina, sun sauya yanayin aikin baki ɗaya. Yanzu tauraro ɗaya zai shafe shekaru yana fitowa a matsayin mutum ɗaya. Abin da wannan nazari ke son nunawa shi ne, a irin wannan shiri sutura aikin lissafi da rubutu ce kafin ta zama aikin ado.

Tushen matsalar shi ne ba a ɗaukar shiri bi da bi kamar yadda mai kallo ke ganinsa. Idan aka kama gida haya, duk fitowar da ta shafi gidan nan za a ɗauke ta a lokaci guda, ko da wata a kashi na biyu take, wata a na goma. Matar da ta fito daga ɗakinta a ɗaukar ranar Litinin, mai yiwuwa sai bayan mako uku za a ɗauki isowarta kasuwa. A idon mai kallo kuwa minti ɗaya ne tsakani, don haka atamfa, mayafi, takalmi, har ɗaurin ɗankwali dole su zama iri ɗaya. Shi ya sa mai kula da sutura ke fara aikinsa daga rubutun labari, ba daga kasuwa ba. Yana rarraba labarin zuwa kwanaki: wannan fitowa da waccan duk a rana ɗaya suka faru, saboda haka kaya ɗaya suke buƙata. Yawan kwanakin labarin, ba yawan fitowa ba, shi ke nuna kala nawa za a ɗinka wa kowa.

Daga nan ne kasafi ke fita. Kuskuren da aka fi yi shi ne a lissafa kuɗin yadi da na tela a tsaya. Turmin atamfa yadi shida ne, farashinsa kuma ana iya jinsa a kasuwar Kantin Kwari cikin yini ɗaya, to amma kayan da za a yi shekara ana sawa suna cin kuɗi bayan saye. Akwai wanki da guga. Shadda idan ta sha ruwa sai an sa sitaci an kai wa masu bugu kafin sheƙinta ya dawo, in ba haka ba alhajin da aka gani cikin ƙyalli a kashin farko zai bayyana a kashi na gaba da rigar da ta kwanta, alhali a labari rana ɗaya ce. Fitowar da ke da jini, ruwan sama ko kokawa tana buƙatar riga biyu ko uku iri ɗaya, domin ba a san sau nawa za a maimaita ɗauka ba, kuma yadin da aka samu yau ba lalle a same shi bayan wata shida ba. Tun da aka saki darajar naira a 2023, kasafin da aka yi a farkon zango kan gaza kai wa ƙarshensa, musamman da yake yawancin yadin shigo da shi ake yi. Ga kuma lokaci: duk wanda ya ɗora jadawalin ɗinkinsa a jajibirin Sallah ya san halin da teloli ke ciki.

Wani abin lura shi ne talauci ma yana da tsada a gaban kyamara. Daɗin Kowa ya samu karɓuwa ne saboda mutane sun ga unguwarsu a ciki, kuma mutum irin Kamaye na cikin shirin ba zai gamsar ba idan rigarsa sabuwa ce fil. Sai an nemo gwanjo, ko a wanke sabon yadi a shanya shi a rana har ya koɗe. A Kwana Casa'in, inda labarin na 'yan siyasa ne, babbar riga da hula su ne ke sanar da muƙamin mutum tun bai buɗe baki ba. A wajen daidaita kaya da matsayin mutum ne al'adar zuwa da kayan gida ke yin ɓarna mafi girma, domin kowane ɗan wasa so yake a gan shi tsaf, ko da almajiri aka ce ya fito. Kyamara ma tana da nata sharaɗi: siraran layuka kan yi rawa a allo, fari tas kan ɗauke ido, sabuwar shadda kuma ƙararta na shiga makirufo. Sannan Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana duba shigar 'yan wasa, kuma sake ɗaukar fitowar da ba ta amince da ita ba ya fi ɗinkin kowace riga tsada.

Bibiya ita ce mafi sauƙin kuɗi, kuma ita aka fi sakaci da ita. Abin da take buƙata kaɗan ne: lamba a jikin kowane kaya, hoton ɗan wasa daga kai zuwa ƙafa kafin a fara ɗauka, da littafi ko jadawalin kwamfuta mai nuna wane ne ya sa mene ne, a wace fitowa, na saye ne ko na aro, yana ina yanzu. Har lalle ya kamata ya shiga littafin, tunda yana koɗewa cikin kwanaki. Kayan kuma su kwana a ma'ajiyar kamfani, ba a gidan ɗan wasa ba, domin ɗan wasa yana iya tafiya ko ya bar shirin, kamar yadda aka sauya mai fitowa a matsayin Sumayya a Labarina.

A ganina, furodusan da ke shirin zango na biyu bai kamata ya sayi ko yadi ɗaya ba sai ya ɗauki mai kula da sutura, ya ba shi labarin tun kafin a fita ɗauka, ya kuma ware wa sashen nasa kuɗi a rubuce.