Kaki da Cutar Asma: Yadda Likitoci Suka Koyi Karanta Ƙirji

 Mu a nan Fadan Kaje, da Zonkwa har Kafanchan, idan aka miƙa wa mutum ɗan kofi a asibiti aka ce ya tofa kaki, nan take hankalinsa ke tashi, domin tibi kaɗai muka sani ana nema a ciki. Amma kakin nan yana da wani tarihi dabam, wanda ya shafi 'yan'uwanmu masu asma, waɗanda ƙurar hunturu da hayaƙin murhu ke hana su barci.

A shekarar 1872 wani likitan Jamus, Ernst von Leyden, ya ga wasu 'yan ƙanƙanan abubuwa masu tsini kamar allura a kakin masu asma. A 1879 kuma Paul Ehrlich ya bayyana wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ke kama jan rini, aka raɗa musu suna iyosinofil. Daga baya aka gane su ne ke taruwa a hanyoyin iska, su kumbura su.

Wanda ya fi burge mu shi ne Harry Morrow Brown na garin Derby a Ingila. A zamaninsa manyan likitoci sun fara yanke ƙauna da magungunan sitiroyid a kan asma mai daɗewa. Shi kuwa sai ya ɗauko tsohon madubin likitansa na ɗalibta, ya riƙa duba kakin majinyata ɗaya bayan ɗaya. A 1958 ya nuna cewa masu iyosinofil a kaki su ne ke samun sauƙi da maganin firedinisolon, sauran kuwa ba ya yi musu wani abin kirki. Ashe ba maganin ne da laifi ba, asmar ce ba iri ɗaya ba.

To amma mai asma sau da yawa tarinsa busasshe ne. Wannan matsalar aka warware a 1992 a Jami'ar McMaster ta Kanada, ƙarƙashin Freddy Hargreave: a fara ba mutum maganin buɗe ƙirji, sannan ya shaƙi tururin ruwan gishiri daga na'ura har kaki ya taso, a ƙirga ƙwayoyin. Kada wani ya gwada a gida, gishirin na iya toshe numfashi. A 2002 a birnin Leicester aka bi majinyata 74 na tsawon shekara. Waɗanda aka daidaita wa magani bisa gwajin kaki, ciwon ya taso musu da ƙarfi sau 35, sauran kuwa sau 109.

A Arewa ma an taɓa yin aiki: a 1975 David Warrell da abokan aikinsa sun wallafa bincike kan masu asma 106 a Zariya. Abin lura a wurinmu shi ne tsutsar ciki ma tana ƙara iyosinofil a jini, don haka gwajin jini kaɗai na iya ruɗar da likita. Ga shi kuma da yawanmu kemis muke zuwa mu sayi firedinisolon duk lokacin da ƙirji ya riƙe, ba tare da kowa ya duba ko irin asmarmu na jin sa ba, alhali yawan shansa na jawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi.