Daga Alkama zuwa Bilic: Tarihin Neman Maganin Otizim ta Hanyar Ciki

Tunanin cewa ciwon ƙwaƙwalwa daga hanji yake tasowa ya girmi binciken lalurar otizim da shekaru masu yawa. A 1887 wani likitan Faransa, Charles Bouchard, ya wallafa laccocinsa inda ya ce abincin da ya ruɓe a hanji yana sakin guba a jini. Ra'ayin ya samu karɓuwa a Turai da Amurka. Élie Metchnikoff na Cibiyar Pasteur ya shawarci mutane su riƙa shan nono mai tsami don kashe miyagun ƙwayoyin hanji. A Landan, likitan fiɗa Arbuthnot Lane ya riƙa yanke babban hanjin marasa lafiya. A asibitin masu taɓin hankali na Trenton a Amurka, Henry Cotton ya cire wa mutane haƙora da sassan hanji, kuma da yawa sun mutu a hannunsa. Zuwa shekarun 1930 likitoci sun yi watsi da wannan fahimta, amma ta ci gaba da rayuwa a kasuwar masu sayar da maganin wankin ciki.

A 1943 Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore ya bayyana yara 11 masu wahalar cuɗanya da mutane, masu maimaita abu ɗaya, waɗanda ƙaramin sauyi a tsarin rayuwarsu kan tayar musu da hankali, wato lalurar otizim. Ya rubuta cewa da yawa daga cikinsu sun sha fama da cin abinci tun suna jarirai. Wannan bayani bai ja hankalin kowa ba a lokacin. Abin da aka riƙe shi ne maganarsa cewa iyayen yaran ba su da sakin fuska, har masana halayyar ɗan'adam suka gina hukunci a kai: uwa ce ta hana ɗanta ƙauna, shi ya sa ya rufe kansa. Bruno Bettelheim na Jami'ar Chicago ya yaɗa wannan zargi a littafinsa na 1967. Shekaru fiye da ashirin iyaye mata suna kai 'ya'yansu asibiti ana nuna musu yatsa.

Duk abin da ya biyo baya ba ya fahimtuwa sai da wannan rauni. Mutumin da ya fi kowa rusa zargin shi ne Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan'adam a San Diego, wanda aka haifa masa ɗa mai otizim a 1956. Littafinsa na 1964 ya kawo hujjar cewa lalurar ta jiki ce, daga ginin ƙwaƙwalwa, ba daga tarbiyya ba. A wannan ya yi daidai, kuma binciken tagwaye da Susan Folstein da Michael Rutter suka yi a Ingila a 1977 ya nuna gado yana da babban tasiri. Sai dai Rimland ya ɗauka cewa abin da yake na jiki dole yana da magani na jiki da za a haɗiya. Ya kafa cibiyar bincike a 1967, ya tattara rahotannin iyaye, ya kuma yi kira da a ba yara bitamin B6 mai yawa tare da maganiziyam. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya ba su tabbatar da amfaninsa ba. Amma iyaye sun amince da shi, domin shi ne ya wanke su lokacin da manyan likitoci ke tuhumarsu. A 1995 cibiyarsa ta kafa wata ƙungiyar iyaye da likitoci mai neman ganin bayan otizim, wadda ta zama dandalin da kusan kowace sabuwar dabara ta ratsa har zuwa rufe ta a 2011.

Dabarar da ta fi daɗewa ita ce hana yaro alkama da madara. Tushenta na farko gaskiya ne. Likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya lura cewa yara masu wani ciwon hanji da ake kira siliyak sun samu sauƙi a lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya ɓace, suka kuma koma ciwo da aka dawo da shi. Daga nan aka gano cewa gulutin, sinadarin da ke sa kwaɓin alkama danƙo, shi ne ke lalata musu hanji. A 1966 Curtis Dohan na Amurka ya yi hasashen cewa alkama na da hannu a wani nau'in taɓin hankali mai tsanani. A 1979 Jaak Panksepp ya ce halayen yara masu otizim sun yi kama da na dabbobin da aka ba ƙwayoyi dangin ofiyom. Kalle Reichelt na Oslo ya haɗa hasashen Dohan da na Panksepp: ya ce gulutin da kesin, furotin ɗin madara, ba sa narkewa sarai a cikin waɗannan yara, gutsattsarinsu suna ratsa bangon hanji su shiga jini su bugar da ƙwaƙwalwa, kuma ana iya ganin alamarsu a fitsari.

Bayanin yana da daɗin ji, kuma aikin yana hannun uwa, ba sai ta jira likita ba. Ta kwashe burodi da taliya da biskit da cuku da madara daga ɗakin girki, ta koma karanta bayan kowane gwangwani kafin ta saya. Wani ƙaramin gwaji a Norwe a 2002 da yara 20, da wani a Denmak a 2010 da yara 72, sun ba da rahoton ɗan ci gaba, amma a duka biyun iyaye sun san abin da 'ya'yansu ke ci. Da aka ɓoye wannan sani, sakamakon ya sauya. A Florida a 2006, da yara 15, ba a ga bambanci ba. A Jami'ar Rochester, Susan Hyman da abokan aikinta sun ɗora yara 14 a kan tsauraran abinci, sannan kowane mako a ba su wani ɗan abin taɓawa, wani lokaci da alkama ko madara a ɓoye, wani lokaci babu, ba tare da iyaye ko masu aunawa sun sani ba. Rahotonsu na 2016 bai sami sauyi a hali ko barci ko bayan gida ba. Na'urori masu kaifi kuma sun kasa gano gutsattsarin da Reichelt ya ce suna fitsari. A ɗaya ɓangaren, wani bincike na 2008 ya sami ƙasusuwa marasa kauri a yara maza masu otizim, musamman waɗanda aka hana madara.

Shekarar 1998 ta kawo abubuwa biyu. Na farko shi ne sikiritin, wani sinadari da ake samowa daga hanjin alade don gwajin aikin narkar da abinci. Wata uwa a Amurka ta ce ɗanta ya fara magana bayan an yi masa allurarsa, gidan talabijin na NBC ya nuna labarin, dubban iyaye suka bazama nema. A 1999 aka gwada shi a kan yara 60, rabi sikiritin, rabi ruwan gishiri, kuma rukunin biyu suka nuna ci gaba iri ɗaya. Abin lura shi ne akasarin iyayen, bayan an faɗa musu sakamakon, sun ce har yanzu suna son a ba 'ya'yansu. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Na biyu ya fi ɓarna. A watan Fabrairu Andrew Wakefield na asibitin Royal Free a Landan ya wallafa rahoto kan yara 12 a mujallar Lancet, yana danganta allurar rigakafin ƙyanda da hangum da rubela da wani sabon ciwon hanji mai kai wa ga otizim. Daga 2004 ɗan jarida Brian Deer ya bankaɗo cewa lauyoyin da ke shirin ƙarar kamfanonin rigakafi sun biya Wakefield kuɗi, kuma bayanan yaran ba su dace da takardunsu na asibiti ba. A 2010 mujallar ta janye rahoton, hukumar likitocin Birtaniya ta soke lasisin Wakefield. Binciken Denmak na 2019 da ya bi yara 657,461 bai sami wata alaƙa tsakanin allurar da otizim ba. Kafin nan iyaye da yawa sun ƙaurace wa rigakafin, ƙyanda ta dawo Birtaniya.

A Amurka zargin ya faɗa kan zaiba. A 1999 hukumomin lafiya sun nemi a cire timerosal, sinadarin adana rigakafi mai ɗauke da zaiba kaɗan, don riga-kafin zato kawai. Zuwa 2001 an cire shi daga alluran yara na yau da kullum, kuma adadin yaran da ake ganowa da otizim a California ya ci gaba da hawa. Duk da haka wasu asibitoci masu zaman kansu sun shiga ba yara magungunan zuƙe ƙarfe daga jini. Gwajin da suke dogara da shi yana da zamba a cikinsa: a ba yaro maganin tukuna, sannan a auna fitsarinsa a kwatanta da ma'aunin mutanen da ba a ba komai ba. Da wannan hanya kusan kowane lafiyayyen yaro zai fito kamar mai guba a jiki.

Waɗannan magunguna ba na bogi ba ne, kuma nan ne haɗarin yake. Lokacin da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, maganin DMSA ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi amfani da shi ta ceto rayuka, bayan an auna jini an tabbatar da dalmar, an kuma kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje. Amma maganin da ke kama dalma yana kama sinadaran da jiki ke buƙata. A watan Agustan 2005 wani yaro mai shekara 5 da aka kawo daga Birtaniya ya mutu a ofishin wani likita a Pennsylvania, bayan ƙarin ruwan EDTA, wani maganin zuƙe ƙarfe, ya zuƙe kalsiyam daga jininsa har zuciyarsa ta tsaya. A 2008 cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka ta soke gwajin da ta shirya, saboda an ga DMSA yana lalata basirar ɓerayen da ba su da dalma a jiki.

Mafi muni ya zo daga baya. Wani Ba'amurke, Jim Humble, ya fara tallata ruwan da ya kira maganin mu'ujiza, MMS, wanda idan aka haɗa shi da ruwan tsami yake zama sinadarin da masana'antu ke farar da takarda da yadi da shi, wato bilic. Daga wajen 2012 aka riƙa koya wa iyaye ta intanet su ba yara su sha, ko su ɗura musu ta dubura. Idan yaro ya kama amai da gudawa, sai a ce guba ce ke fita. Idan fatar hanjinsa ta saɓule ta fito kamar zare, sai a ce tsutsar otizim ce, a ɗauki hoto a ɗora a Facebook. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2010, ta sake a 2019. A 2023 wata kotu a Miami ta ɗaure Mark Grenon da 'ya'yansa uku, waɗanda suka fake da sunan coci suna sayar da ruwan.

A duk tsawon wannan lokaci iyaye suna faɗin wata gaskiya da likitoci suka yi jinkirin saurare: cikin yaran nan yana ciwo. Sai a 2010 wani kwamitin ƙwararru ya fitar da matsaya a mujallar Pediatrics cewa yaro mai otizim ya cancanci a binciki cikinsa kamar kowane yaro, kuma wanda ba ya magana kan nuna ciwonsa ta hanyar kuka da dukan kai da rashin barci da danna ciki a jikin kujera. Wani nazari na 2014 da ya haɗa bincike da dama ya nuna matsalolin ciki, kamar taurin bayan gida da gudawa, sun ninka na sauran yara kusan sau huɗu. Ƙin abinci ma ya yi yawa. Akwai yaran da ba sa cin komai sai abu uku ko huɗu, masu launi ɗaya ko laushi ɗaya, har likitoci a ƙasashe masu arziki suka sake ganin ciwon rashin bitamin C, mai kumbura dasashi da hana tafiya.

Sabon babin shi ne na ƙwayoyin bakteriyar hanji. A 2017 masana a Jami'ar Jihar Arizona sun dasa wa yara 18 bakteriyar hanjin lafiyayyun mutane, suka ce ciki da hali duka sun gyaru, amma gwajin ba shi da rukunin kwatanci, kuma kowa ya san abin da aka bayar. A 2021 wani bincike a Ostireliya da yara 247, wanda aka wallafa a mujallar Cell, ya juya lissafin. Ya nuna cewa halin zaɓen abinci ne ke rage nau'in abin da yaro ke ci, ƙarancin nau'in abincin kuma ya rage nau'in bakteriyar. A cewar binciken, bambancin da ake gani a hanji sakamako ne, ba sanadi ba. Har yanzu ana ci gaba da gwaje-gwaje a wannan fanni.

Matsayar hukumomin lafiya a yau a bayyane take. Ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila ta fitar a 2013 ta hana amfani da sikiritin da magungunan zuƙe ƙarfe da ɗakin iskar oksijin mai matsi don otizim a kowane hali, ta kuma ce kada a hana yaro alkama ko madara da nufin magance ainihin lalurar. Yaron da gwaji ya tabbatar yana da siliyak a hana shi alkama, wanda madara ke ɓata wa ciki a nemo masa madadinta mai kalsiyam, mai taurin bayan gida a yi masa maganinsa, mai ƙin abinci a koya masa sabon ɗanɗano sannu a hankali tare da masanin abinci. Wannan yana rage wahala, yana gyara barci, wani lokaci har hali ya lafa, ko da yake yaron yana nan da otizim ɗinsa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da wannan lalura, kuma taimakon da ta amince da shi shi ne koyar da magana da mu'amala tun da wuri, da horar da iyaye, da makarantar da za ta karɓi yaron.