Dutsen Bolonya Mai Haske Cikin Duhu

A ƙasar Italiya akwai wani tsohon birni da ake kira Bolonya. Wajen shekarar 1603 an yi wani baduku a garin, mai ɗinkin takalma, sunansa Vincenzo Casciarolo. Ban da dukanci yana taɓa alkimiya, watau neman dabarar da za a mai da baƙin ƙarfe ko dalma su zama zinariya. Mutanen Turai da yawa sun ƙare dukiyarsu a kan wannan buri a zamanin nan, ba wanda ya dace.

Wata rana ya tsinci waɗansu duwatsu a kan tudun Paderno, kusa da birnin. Farare ne, suna ƙyalli, ga nauyi fiye da girmansu. Ya kai su gida, ya gasa su cikin gawayi, yana sa rai zinariya za ta fito. Zinariya dai ba ta fito ba. Amma sai ya lura in dutsen ya sha rana, aka shiga da shi ɗaki mai duhu, sai ya riƙa haske ja-ja kamar garwashi, alhali kuwa in an taɓa shi sanyi ƙalau. In hasken ya mutu, aka sake shanya shi, sai ya komo.

Labari ya bazu, malamai suka yi ta aika wa juna gutsattsarinsa. Shi kansa Galileo, mashahurin masanin taurari, ya nuna wa abokansa shi a birnin Rum cikin 1611. A 1640 wani malami mai suna Fortunio Liceti ya rubuta littafi a kan dutsen, har ya ce ɗan hasken nan da ake gani a duhun jikin jinjirin wata irin na dutsen ne. Galileo, ga tsufa ga makanta, ya mai da masa amsa cewa hasken rana ne da ya bugi duniya ya koma kan wata. Shi ke da gaskiya.

Abin da ya fi damun mutane shi ne, wani ya gasa dutsen ya yi haske, wani ya bi hanya ɗaya ya tashi a tutar babu. Kusan ƙarshen ƙarnin nan wani masani, Wilhelm Homberg, ya lura cewa in an daka dutsen a turmin tagulla yakan yi kyau, in kuwa a na baƙin ƙarfe ne sai ya lalace. Ya ga abin da idonsa, amma dalilin ya ɓoye masa.

Ga yadda al'amarin yake. Dutsen nan shi ne ake kira barait. Wutar gawayi takan juya shi ya zama haɗin farar wuta da wani ƙarfe wai shi bariyam. Ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa a jere suke, sahu-sahu, kamar saƙar tabarma. Da saƙar ta cika ba aibu ko ɗaya, da dutsen bai yi wannan haske ba. Amma nan da can akan sami gurbi wanda ba kowa a ciki, ko kuwa wata baƙuwar ƙwaya ta zauna a mazaunin da ba nata ba. Sa'ad da hasken rana ya sauka, yakan tayar da waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu ɗauke da lantarki, waɗanda ake kira ilaktaron. Waɗansunsu sai su faɗa cikin guraben nan su maƙale, kamar ƙosai a ramukan dara. Ɗumin da ke cikin ɗaki shi ke fid da su kaɗan-kaɗan, kowanne kuwa in ya komo wurin baƙuwar ƙwayar sai ya saki ƙarfin da ya ɗauka, ya fito haske. Don ba tare suke kuɓuta ba, shi ya sa hasken yakan jima kafin ya mutu. Baƙin ƙarfe kuwa, ko ɗan kaɗan ne, yakan shanye ƙarfin nan ya hana shi zama haske.

Sanin wace ce baƙuwar a dutsen Bolonya ya ɗauki shekara ɗari huɗu da 'yan kai. Sai a 2012 masanan Jami'ar Turku ta ƙasar Finlan da abokan aikinsu suka bayyana cewa jan ƙarfe ne, ɗan ƙanƙane ƙwarai. Ashe turmin Homberg yana ƙara wa garin dutsen abin da yake bukata ne, domin tagulla yawancinta jan ƙarfe ce.

Tun kafin a warware wannan, masu sana'a sun koyi sa aibun da gangan. An daɗe ana haɗa tutiya da farar wuta da ɗigon jan ƙarfe, a shafa wa hannun agogo don a ga lokaci da dare. Cikin 1993 kuma kamfanin Nemoto na ƙasar Japan ya fito da wani sabon haɗi, wanda in ya sha haske da rana yakan kai asuba bai mutu ba.