Baƙaƙen ɗab'in kiɗa a matsayin shaidar tarihi: misalin Paris

Takardun kiɗa da yawa na ƙarni na 16 da na 17 sun iso mana babu bango, babu shekara, babu sunan maɗaba'a. A nan za mu duba abin da baƙaƙen dalma da aka buga su da su ke iya gaya mana.

A Benis ta Italiya, a 1501, Petrucci yakan bi takarda sau uku: layuka biyar, alamomin sauti, sannan kalmomi. Saboda haka layukansa miƙe suke, ba yankewa. A Paris kuwa, daga 1528, Attaingnant ya yi amfani da baƙi mai haɗe da alamar sauti da guntun layukanta, ana bugawa sau ɗaya. Aikin ya yi araha, amma layukan sun fito a yanyanke, kuma wannan ne abu na farko da ido ke kamawa.

Sai dai siffa kaɗai tana ruɗarwa. Gidan Ballard, masu buga wa sarkin Faransa kiɗa tun 1553, sun riƙe alamominsu masu kusurwa huɗu kamar kan mashi har cikin ƙarni na 18. Da su aka buga Bellérophon na Lully a 1679. Mai dogara ga siffa zai iya kuskuren shekara ɗari.

Mu a ganinmu shaidar da ta fi ƙarfi ita ce lahani. Baƙin da ya tsage ko ya lanƙwashe yakan sake fitowa daga littafi zuwa littafi, tsagar tana ƙaruwa. Idan aka auna tsawon layukan biyar da milimita, aka kuma gwada tsagar da ta littafi mai shekara, ana iya gane maɗaba'ar da jerin bugunta.