In An Kama Maigida, Wa Zai Kai Ƙara?

A zamanin En'e sunan namiji baligi ake rubutawa a littafin haraji, amma gida duka ke biya. Kaka na yi, hakimi zai sanar da dagaci abin da aka ɗora wa garinsa, dagaci ya raba wa masu unguwa, su kuma su bi gida-gida. Maigida ke amsawa a madadin 'ya'ya da ƙannen da ke gandunsa. In kuɗi bai cika ba, a fasa rumbu tun hatsi bai yi daraja ba, uwargida ta kwance akuyarta a kai kasuwa, samari su tafi cin rani ko haƙar kuza a Jos.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da duk wannan bai isa ba, aka tasa ƙeyar maigida. Wurin wa iyalinsa za su je? Tun da Turawa suka kafa baitulmali, alƙali da ɗan doka da yari duk daga harajin nan ake biyansu albashi, kuma duk a ƙarƙashin sarki suke. Lauya ba ya tsayawa gaban alƙali. Alƙali kuwa mai haƙƙi yake saurara ko wakilinsa, ga mai haƙƙin a tsare. Wajen biya matarsa da ɗansa suna ciki, wajen ƙara sun zama bare.

Sai aka koma kamun ƙafa. Ƙanen maigida ya samo dattijo mai faɗa a ji, su tuɓe takalma tun daga ƙofar zaure, su zube: "Ranka ya daɗe, a yi mana haƙuri, ranar kasuwa za mu cika." Mai ƙarfin hali yakan tare Di'o a wurin rangadi, ta bakin tafinta, yana sane cewa Bature zai wuce, hakimi yana nan.

Wannan ƙunci na cikin abin da ya ba jam'iyyar NEPU kasuwa bayan kafa ta a Kano a 1950. A ƙarshen shekarun 1960 aka raba sarakuna da kotunan alƙalai, sannan a 1979 Gwamna Abubakar Rimi a Kano da Gwamna Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali.

Kotunan boko ma ba su yi saurin buɗe ƙofa ba. A shari'ar Sanata Adesanya ta 1981, Kotun Ƙoli ta tsaya kan cewa sai wanda abu ya taɓa haƙƙinsa zai yi ƙara. Sai a 2009 Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya fitar da ƙa'idojin kare haƙƙin ɗan Adam da suka yarda wani ya shigar da ƙara a madadin wani. Yau in aka tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba kan haraji, matarsa na iya zuwa babbar kotu da kanta. Jayayya kan adadin kuɗin kuwa, har yanzu ta wanda aka rubuta sunansa a takarda ce, ko da akuyar wata za a sayar a biya.