Sakamakon Zaɓen Tarayya na 1959

Bayan da talakawan Arewa suka sha kallon jirgi mai saukar ungulu na Awolowo, shugaban jam'iyyar AG, yana yayyafa takardu bisa garuruwansu, aka kaɗa ƙuri'a ranar 12 ga Disamba, 1959, sai lissafi ya bayyana cewa daga cikin kujeru 312, jam'iyyar NPC ta sami 134, NCNC da NEPU 89, AG kuwa 73. Da yake babu mai rinjayen da zai kafa hukuma shi kaɗai, lalura ta wajabta ƙawance tsakanin NPC da NCNC, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama Firayim Minista, alhali Sardauna, shugaban NPC, ya zaɓi zaman Kaduna. Abin takaici, an tauye haƙƙin matan Arewa, domin sai 1979 suka jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya.