Daga murɗa rediyo zuwa RSS: wa ke zaɓa mana labarai?

'Yan'uwa mazauna Rayfield, mu da muke maƙwabtaka da Kwalejin Talabijin ta NTA, harkar labarai ba baƙuwarmu ba ce. A nan Jos aka kafa jaridar Nigeria Standard a 1972, zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. A lokacin, mutum ne ke zaɓa da kansa: ya sayi jaridar da ya yarda da ita, ko ya murɗa rediyo zuwa BBC ko Kaduna.

Da intanet ta zo, an so riƙe wannan zaɓi. A 1999 kamfanin Netscape na Amurka ya fito da RSS, hanyar da kafar labarai ke jera sabbin labaranta, sai manhajar mai karatu ta kwaso su wuri ɗaya. Kafar da ka yi rajista da ita kaɗai kake gani.

Google ya buɗe tasa manhajar, Google Reader, a 2005, jama'a suka raja'a a kanta. Kwatsam ya rufe ta ranar 1 ga Yuli, 2013, wai masu amfani sun ragu. Ai mai gida ne ya tashi 'yan haya, ba su da ta cewa. Da yawa suka koma ga buɗaɗɗun manhajoji, waɗanda kowa ke da izinin duba yadda aka rubuta su, ya gyara, ya raba kyauta. Tiny Tiny RSS tana nan tun 2005, FreshRSS ta biyo a 2013. Ko mai irin wannan manhaja ya gaji, wani na iya ɗauka ya ci gaba.

Mu dai galibinmu Facebook muka faɗa, inda na'ura ke tura mana abin da ya fi tayar da hankali. Mun ga illarsa. A 2018 binciken BBC ya nuna yadda hotunan ƙarya suka rura wutar rikicin watan Yuni a Filato. Sannan a Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, sai Janairun 2022 aka buɗe.

Har gobe BBC Hausa na fitar da RSS. Mai wayar Android zai iya sauke Feeder, buɗaɗɗiyar manhaja ce, ya zuba kafofin da ya amince da su, ya karanta abin da ta ajiye ko data ta ƙare.